Dorugu: Yaron da ya je kallon Turawa tun 1855

Mai karatu, in kana kallon finafinan tarihi na Turawa, ka san wannan hoton: iyali masu hali sun ɗaure akwatuna, sun hau keken doki, suna zaga Faransa da Italiya suna kallon gine-gine. Ko a fim ɗin Little Women na 2019, ai ka ga yadda aka tafi da Amy birnin Paris tare da gwaggonta. A 1855 ne Thomas Cook ya fara kwasar mutanen Ingila zuwa irin wannan yawon buɗe ido a ƙasashen Turai. To, a wannan shekarar ce kuma wani yaro Bahaushe ya ratsa Faransa zuwa Landan, ya kalli Turawa son ransa, ya kuma bar mana labarin da Hausa. Sunansa Dorugu.

Watan jiya na je madatsar ruwa ta Goronyo, a kan hanyar dawowa na tsaya Wurno, garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Ina kallon fadamar Rima da gonakin albasa, sai na tuna yaron nan ya taka wannan ƙasa. A 1853 ya sauka Wurno tare da maigidansa Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Na tambayi samarin da muka zauna shan shayi da su ko sun san shi. Ko ɗaya babu.

Ga labarin a taƙaice. An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram wajen 1840. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Kukawa a matsayin bawa. Wani Bature, Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai ya koma hannun Barth, shi da abokinsa Abbega. Suka je Timbuktu, suka dawo, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Marseille, daga nan Paris, sai Landan, har Jamus wajen dangin Barth. A Ingila wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa. An buga labarin a 1885 cikin littafin Magana Hausa.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne idon yaron. Mun saba Bature ne ke zuwa ya auna mu, ya rubuta yadda muke ci da yadda muke sa tufafi. A nan reshe ya juye da mujiya. Dorugu ne ke zaune yana lura da yadda Turawa ke liyafar cin abinci, wa ke zama ina, me ake kawowa bayan me, kamar mai kallon wata al'ada ta ban mamaki. Ba ya raina su, ba ya kuma rawar jiki a gabansu. Abin da ya gani yake faɗa, kuma wallahi wannan shi ne aikin kyamara.

Amma labarin yana da nasa rauni. Yaro ne ke magana, saboda haka akwai yawan mun tashi nan mun sauka can, ba tare da an tsaya an ji abin da ke cikin zuciyarsa ba. Sannan alƙalamin a hannun Schön yake, shi kuwa Hausa yake nema don aikin mishan da nahawunsa, kuma rubutun nasa irin na dā ne, sai ka yi haƙuri kafin ka gane. Daɗin daɗawa, labarin ya tsaya tun yana Turai. Ragowar rayuwarsa, dawowarsa gida a 1864 da koyarwar da ya yi a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano kafin rasuwarsa a 1912, sai a littafin da Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971. Waɗannan giɓoɓi su ne gonar marubucin fim.

Na san furodusa zai ce ina kuɗin zuwa Turai? Malam, rabin labarin a nan gida ya faru. Wurno tana nan, raƙuma suna nan, abin da ya gani a Turai kuwa da yawansa cikin ɗaki ne. Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, da bauta da hamada duka a ciki.

Sharaɗi uku kawai zan gindaya wa duk daraktan da ya ɗauki aikin. Kada a ƙirƙiro wa yaron budurwa don a samu gurbin rawa da waƙa. Kada a mai da Barth jarumi, Dorugu ɗan rakiya. Kada kuma a ɓoye cewa waɗanda suka kama shi suka sayar ba daga Turai suka zo ba, mutanen yankinmu ne. In an kiyaye waɗannan, za a samu fim ɗin da samarin nan na Wurno za su kalla su ce ashe ta ƙofar gidanmu ya wuce.

Allah Ya ba mai rabo sa'a.