Fasto A Unguwannin Masana'antu: Tauraron Da Ƙagaggun Labaran Kano Suka Tsallake

Gabatarwa

Kusan duk wanda ya miƙe zai yi magana a kan adabi a tarurrukanmu da jimla ɗaya yake buɗe baki, wato adabi madubi ne na rayuwar al'umma. To, in har maganar nan gaskiya ce, ya kamata lokaci-lokaci a ɗaga madubin a duba, wa ya fito a ciki, wa kuma aka bari a waje. Wannan ɗan sharhi zai dubi mutum guda wanda ke zaune a Kano, da Hausa yake wa'azi, da ita yake ɗaura aure, da ita yake binne matattunsa, amma da wuya mai karatu ya ci karo da shi a cikin ƙagaggun labaran da ake bugawa a birnin. Mutumin nan shi ne faston da ke kiwon ikilisiyar ma'aikatan kamfanoni a kewayen Bompai da Sharaɗa da Challawa. Abin da nake son nunawa shi ne rashinsa giɓi ne a adabinmu, kuma hanyar cike giɓin tana cikin rayuwarsa ta yau da kullum.

Wurin da mutanen

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa. A nan aka kafa masaƙu da kamfanonin jimar fata da na robobi da na alewa da na matse mai. Kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yana Bompai, na Coca-Cola kuma yana Challawa. Masana'anta kuwa ba ta tambayar asalin lebura. Saboda haka aka yi ta kwararowa neman aiki daga kudancin Kaduna da Filato da Tangale-Waja da Adamawa da kudancin Borno da ƙasar Zuru, ban da mutanen kudu. Da yawansu Kiristoci ne, kowa da harshensa na gida, amma in sun haɗu Hausa ce ke haɗa su. A cikinsu kuma akwai Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausar. Suka kama hayar ɗakuna a Sabon Gari da Birget da Dakata da Badawa da Panshekara, suka kafa majami'u a ƙarƙashin ɗariku irin su ECWA, wadda aka kafa a 1954, da EYN da COCIN da HEKAN da Angalikan da Katolika.

Hausar coci kuma ba baƙuwa ba ce. Tun 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da labarin Dorugu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekara guda ke nan kafin gasar da ta haifi Ruwan Bagaja. Ashe dai muna magana ne a kan jama'ar da ta daɗe tana karatu da rubutu da waƙa da harshen da mu ma muke rubutu da shi.

Abin da littattafan suka yi

Mu fara da tushe. A cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta samar akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da Rupert East. Tafida Kirista ne, mutumin Wusasa. Amma dubi yadda ya zana Malam Shehu da Abubakar da Zainabu da Kyauta: bai tsaya yana auna addininsu ba, sai ya bi son zuciya da ƙullata da ramuwar gayya har inda suka kai masu su. Shi ya sa aka yi shekaru ana karanta littafin a makarantu, ɗalibai da yawa ba su ma san addinin marubucin ba. Haka Cyprian Ekwensi, Ibo haifaffen Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass a kan Musulmin Arewa. A 2015 kuma Elnathan John, wanda ya tashi a gidan Kiristoci a Kaduna, ya fito da Born on a Tuesday, inda almajiri ne ke ba da labari da bakinsa. Ko mutum ya yarda da duk abin da suka rubuta ko bai yarda ba, sun dai tsallaka katanga sun leƙa gidan maƙwabci.

Daga wannan ɓangaren fa? Adabin Kasuwar Kano, kamar yadda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa, ya yi abin a yaba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya taɓo bambancin mai kuɗi da talaka a fagen aure. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya shiga har tsakar gida ya nuna halin matar da miji ya wulaƙanta. Kafin su, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin fasa-ƙwauri. Amma Kanon da ke cikin mafi yawan littattafan soyayya Kano ce ta falo da mota da ɗakin amarya. In an ambaci kamfani, to, na mahaifin yarinya ne, ba a kai mai karatu bakin injin. In kuwa Kirista ya leƙo, yawanci ɗayan uku ne: ko kuku da direba, ko budurwar da za ta musulunta a babin ƙarshe a ɗaura aure, ko mugun da ake buƙata don labari ya yi zafi. Duk ukun kayan aiki ne a hannun marubuci, ba a ba su zuciyar kansu ba.

Littafin da ya fi kusa da batunmu shi ne Sterile Sky na E. E. Sule, wanda ya fito a 2012 ya kuma ci kyautar Commonwealth ta yankin Afirka a 2013. Labarin Murtala ne, ɗan wani talakan ɗan sanda, da yadda tarzomar Kano da fatara suka ɗaiɗaita gidansu. Ƙarfin littafin shi ne ya sa mai karatu ya zauna a ɗakin haya tare da iyalin, ya ji yunwarsu da fargabarsu. Sai dai abu biyu. Na farko, da Turanci aka rubuta shi, don haka bai isa hannun masu hayar littafi a unguwanninmu ba. Na biyu, ta ƙofar tarzoma aka shigo da Kiristan Kano, kamar dai ba a ganinsa sai gari ya kama da wuta.

Makon fasto

Abin da marubuci zai samu in ya bi faston nan na mako ɗaya tak ya ishe shi littafi. Da asuba akwai addu'ar safe, wadda dole a gama da wuri domin masu aikin safe su kama mota, masu aikin kwana kuma a lokacin suke dawowa da jajayen idanu. Da hantsi sai zuwa asibiti duba wanda inji ya datse wa yatsu, daga nan a wuce ofishin 'yan sanda belin wani yaro. Da yamma ranar zumuntar mata ce, ko gwajin waƙa na 'yan kwaya, ko ajin masu shirin baftisma. Da dare ga miji da mata sun zo da ƙara, albashi bai fito ba, mai gida ya ba su wa'adin tashi. In an yi rasuwa, shi ne zai zauna da dattawan ikilisiya a yanke shawara, a binne a Kano ko a tara kuɗin motar kai gawa gida. Asabar ta ɗaurin aure ce. Wa'azin Lahadi, wanda shi kaɗai na waje ke gani, a tsakanin waɗannan hidimomi ake tsintar lokacin shirya shi.

Ƙaruwar jama'a ita kanta jarrabawa ce, nan ne kuma rikicin labari yake. Ɗakin sujada ya yi kaɗan, an raba sujada biyu, ga wahalar samun fili da takardar izinin gini, abin da shugabannin coci a Kano suka daɗe suna kuka da shi. Iyaye suna son sashen Hausa da littafin waƙoƙin da suka taso da shi, 'ya'yansu kuwa da suka yi boko suna son sashen Turanci da jita, in an hana su sai su sulale zuwa Deeper Life ko Living Faith ko Redeemed. Ƙabilar da ta fi yawa tana son kujerun dattawa su zama nata. Mai kuɗin da ya sayi kwanon rufi yana ganin ya sayi bakin fasto. Bugu da ƙari, tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, rashin wutar lantarki da shigowar atamfa mai araha daga waje suka yi ta rufe masaƙu. Wannan ya taɓa fasto kai tsaye, domin daga baiko da zakkar leburorin nan ake biyansa. Mutumin da zai tsaya ranar Lahadi ya yi wa'azin bayarwa, alhali ya san waɗanda ke gabansa an sallame su daga aiki, kuma ya san kuɗin makarantar 'ya'yansa yana cikin kwanon da ake zagayawa da shi, ai ba ya buƙatar a ƙirƙiro masa abokin gaba. Ga matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ana sa ran ta yi aikin ikilisiya ba albashi. Ga kuma takardar canjin wurin aiki da kan iya zuwa daga gunduma a daidai lokacin da ginin ya kai linta.

Ramuka uku

Duk ɗan'uwa marubuci da ya yi niyyar ɗaukar wannan batu, akwai ramuka uku a gabansa.

Ramin farko shi ne mai da labari filin muƙabala. Da zarar an zaunar da fasto da malam suna jifan juna da hujjoji don a nuna wanda ya yi nasara, an bar ƙagaggen labari an koma wa'azi, wa'azi kuwa yana da nasa littattafan da nasa masana. Ba a nemi marubuci ya bar aƙidarsa ba. An dai nemi ya yi wa tauraronsa adalcin da Tafida ya yi wa Malam Shehu.

Rami na biyu shi ne kwaikwayon Wole Soyinka ba tare da lura ba. The Trials of Brother Jero, wanda aka fara nunawa a Ibadan a 1960, ya yi wa limaman ƙarya na bakin tekun Legas tsirara, kuma ya dace da su. Mayaudara suna nan a kowane addini, adabinmu ma ya sha zana malaman tsibbu na bogi. Amma in mayaudari kaɗai aka sani, rabin gaskiya aka sani. A gefe guda kuma, kada a mai da shi waliyyi marar aibi. Darasin yana wurin Alan Paton a Cry, the Beloved Country na 1948: Rabaran Stephen Kumalo ya bar ƙauyensa zuwa Johannesburg neman ɗansa da ƙanwarsa, yana jin tsoro, yana fushi, har ƙarya ta kan suɓuce masa, shi ya sa mai karatu ko wane ne shi yake tausaya masa.

Rami na uku shi ne tarzoma. Ba wanda zai ce a ɓoye ta. An yi ta Oktoba 1991 a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke. An yi ta Mayu 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, wadda Sharaɗa na cikin wuraren da ta fi shafa. A ranar 20 ga Janairu 2012 kuma hare-haren Boko Haram suka faɗa wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu wurare, suka ci Musulmi da Kirista. Amma waɗannan kwanaki ne ƙidayayyu a cikin shekaru masu yawa na zaman haya gida ɗaya, da cin bashi a shago ɗaya, da aika tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. In marubuci bai fara nuna mana wannan zaman ba, ranar da wuta ta tashi a littafinsa ba za mu san abin da ya ƙone ba. Labarin da ya fi nauyi ma yana bayan ƙura ta lafa: Lahadin farko, fasto yana duban kujerun waɗanda suka koma garuruwansu, yana tunanin abin da zai ce wa waɗanda suka rage.

Kammalawa

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ke son rubuta wannan littafi sai ya taka da ƙafarsa, ya nemi izini, ya zauna ya saurara, ya koyi bambancin mai bishara da fasto da rabaran, ya san me ake nufi da jibin Ubangiji, ya ji yadda Hausar mutumin Kagoro ta bambanta da ta mutumin Biliri. Kira na biyu kuma ga 'yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa, waɗanda da yawansu suka karkata ga Turanci: ɗan gida ya fi kowa sanin inda ɗaki ke yoyo, kuma filin da Tafida ya share tun 1933 har yanzu da sauran wuri. Ƙungiyarmu na iya taimakawa ta hanyar gayyato su zaman karatu, da sa rayuwar ma'aikatan kamfanoni cikin jigogin gasa. Kano birni ne da ya tara kowa, ya kamata littattafan da ake rubutawa a cikinsa su nuna haka.