Allurar sammore ba ta kowace dabba ba ce

Idan kana cikin zaurukan masu kiwo a WhatsApp ko kana bin shafukansu a TikTok, ka san irin bidiyon da nake nufi. Mutum zai ɗaga 'yar ledar maganin sammore, ya ce duk dabbar da ta rame ko ta daina cin abinci, saniya ce, doki ne, kare ne, a dama a tsira mata allura. A ƙasa kuma a yi ta "Allah ya saka da alheri, Malam."

Bari mu ba su haƙƙinsu. Maganin yana aiki. Sinadarin da ke cikinsa, diminazin, wanda aka fi sani da Berenil, ya fito tun 1955, kuma ya ceci shanu masu yawa daga sammore da cutar da kaska ke sa wa jini. Yana da araha, likitan dabbobi kuma ba kowane ƙauye yake zuwa ba. To amma shawarar tana da manyan ramuka guda uku.

Na farko, lissafi. Ƙaramar leda ɗaya tana ɗauke da giram 1.05 na sinadarin, an kuma auna ta ne don saniya mai kilo 300, wato miligiram 3.5 ga kowane kilo. Kare mai kilo 15 kashi ɗaya cikin ashirin na ledar yake buƙata. Wa zai iya auna wannan da ido? A jikin kare kuwa, tazarar da ke tsakanin warkewa da guba 'yar kaɗan ce. In aka zarce, ko aka maimaita allurar bayan 'yan kwanaki, maganin yakan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sai karen ya fara tangaɗi, ƙafafu su sandare, sau da yawa kuma ba ya tashi.

Na biyu, ba kowane jiki ne ke jure shi ba. Raƙumi ya fi kowa shan wahala, don adadin da saniya za ta ɗauka lafiya lau yana iya kashe shi, shi ya sa akwai magungunan da aka fi ba raƙuma, irin su Cymelarsan. Jaki da doki ma ba su jure shi kamar shanu. Ban da wannan, rama ba ta nufin sammore kullum. Tsutsar ciki, lalacewar haƙori ko yunwa kawai duk suna ramar da doki. Sai an ɗebi jini an duba a madubin likita ake sanin gaskiya.

Na uku, abin da bidiyon ba sa ambata ko kaɗan. Wasu abincin kajin gidan gona ana zuba musu monensin, maganin da ke hana kaji kashin jini. Kaza tana jure shi sosai, amma miligiram 2 zuwa 3 ga kowane kilo ya isa ya kashe doki, don yana lalata tsokar zuciya, kuma ba shi da makari. Ka ga wanda ya kwashi ragowar abincin kaji ya zuba wa dokinsa don ya yi ƙiba kafin hawan sallah, da hannunsa yake iya kashe shi. Ɗan'uwansa salinomaisin haka yake yi wa talotalo.

Haka Flagyl da muke sha don gudawa. Likitoci suna ba karnuka da kyanwa, amma da awo. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 a cikin ɗan kwikwiyo mai kilo 5 ta zama 80 ga kowane kilo, ta ninka abin da ake bayarwa sau da yawa. In aka ci gaba, ido ya fara rawa, tafiya ta gagara.

Laifin waɗannan bidiyo shi ne sun koya wa mutane sunan magani, ba su koya musu nauyi, jinsi da gwaji ba. Kafin ka dama kowace leda, ka san nauyin dabbarka, ka karanta ko an rubuta jinsinta a jiki, ka kai jininta asibitin dabbobi na jiharku. Idan allurar farko ba ta yi ba, kada ka ƙara ta biyu da kanka, ka nemi likita.