Ma'aunin Ingancin Bayanin Kayan Aikin Na'ura: Sharhi Daga Kasuwannin Damargu

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba yadda ake tantance ingancin bayanin da ake rubuta wa wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake aika su yi aiki a madadin mutum. Za mu kira irin wannan wakili ɗan aike. Tun da kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar haɗa na'urarsa da wasu manhajoji a 2023, kuma Anthropic ya fito da tsarin MCP a Nuwamban 2024, kowane kayan aiki ana gabatar da shi ne da abu uku: suna, ɗan bayani cikin harshen mutane, da jerin abin da za a cika masa. Ɗan aike ba ya ganin cikin kayan. Bayanin kaɗai yake karantawa, da shi yake yanke shawara.

2. Ma'aunin da aka saba

Jagororin da ake bi suna tambaya: shin bayanin ya faɗi aikin da kayan yake yi? Ya faɗi lokacin da za a ɗauke shi da lokacin da za a bar shi? Ya fayyace kowane gurbi? Ya ambaci iyakarsa? Ba mu da ja da waɗannan tambayoyi. Abin da muke suka shi ne yadda ake ba da maki: ana duba ko jimlar tana nan, ba a duba ko ta yi daidai da wurin da za a yi aikin. Sau da yawa ma wata na'urar ake bai wa alƙalancin, baƙo yana duba aikin baƙo. Hausawa kuwa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

3. Gwaji a Damargu

Bari mu ƙaga misali. A ce wani kayan aiki yana ɗauke da wannan bayani: yana ba da farashin hatsi a gundumar da aka zaɓa, a shekarar da aka zaɓa. A sikelin da aka saba, zai ci maki mai kyau. Mu kai shi kasuwar Bakin Birji ko ta Tanut mu gani.

Na farko, awo. A kasuwa da tiya ake auna gero, tiya kuwa kusan kilo 2,5 ce, kuma cikarta ta danganta da hannun mai awo. Hukumar SIMA, mai bin farashin kasuwannin amfanin gona a Nijar, da kilo take lissafi. Bayanin bai ce wanne ba.

Na biyu, kuɗi. Mai saye yakan ce dala ɗari, yana nufin sefa 500, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Ɗan aiken da ya ɗauki 100 ya cika gurbin sefa ya rage farashi sau biyar, ba tare da wata alamar kuskure ta fito ba.

Na uku, iyakar gunduma. Kafin 2011 Belbeji, tare da ƙaramar hukumar Tarka, tana cikin gundumar Tanut. A shekarar ne aka ɗaga ta zuwa gunduma mai cin gashin kanta. Ashe Tanut ta 2005 da Tanut ta 2020 suna ɗaya ne, ƙasa biyu. Duk wanda ya kwatanta su kai tsaye zai ga raguwar amfanin gona da ba fari ne ya jawo ta ba.

Na huɗu, kalmar hatsi kanta. A bakin manomin Damargu gero ake nufi, a rubutun ofis kuwa ta haɗa dawa da masara da shinkafa.

Wannan ba gardamar masana harshe ba ce kawai. Matsalar cimaka ta 2005 ta koya wa Nijar cewa farashin kasuwa yana cikin manyan alamun yunwa. Da irin waɗannan alƙaluma ake zaɓar garuruwan da za a kai wa cimaka mai rahusa. Kuskuren awo a takarda na iya zama rumbun da ba a cika ba.

4. Kammalawa

A ganinmu, bayani ana auna shi ne da saƙon da ɗan aike ya komo da shi. Muna ba da shawarar a gwada kowane bayani da tambayoyin da aka ɗauko daga bakin 'yan kasuwa da malaman gona, cikin Hausa da Faransanci, da suna Tanut ko Tanout, Belbeji ko Belbédji. A kuma tanadi maki na musamman ga bayanin da ya umarci ɗan aike ya tsaya ya yi tambaya idan awo ko shekara ba su fito fili ba, tun da matambayi ba ya ɓata. Tattara waɗannan tambayoyi aikin fili ne irin wanda ɗalibanmu suka saba yi a nazarin karin harshe, kuma muna ganin ya cancanci zama batun kundin bincike.