Gasa GPU Ba Gyara Ba Ne

Sikirin ɗin laptop ɗinka ya fara zane-zane ko ya yi baƙi ƙirin, garanti kuma ya ƙare. Mai gyara ya ce, "Bari mu hura wa GPU zafi." Ta tashi, ka biya, bayan 'yan makonni ta sake mutuwa. Me ya sa?

GPU, wato ɗan guntun da ke sarrafa hoto, yana zaune ne a kan ƙananan ɗigon dalma. Yau zafi, gobe sanyi, har su tsage. Hura zafi yana haɗe tsagar ne na ɗan lokaci, aibin na nan.

Haka aka yi a 2008 da GeForce 8600M GT. Nvidia ya ware kusan dala miliyan 200 saboda matsalar. HP da Dell suka saki sabon BIOS mai ƙara juya fanka, wanda jinkirta mutuwar kawai yake yi. Apple kuwa ya tsawaita gyara kyauta har shekara 4.

Don haka kafin ka biya, bincika ko kamfanin ya amsa laifinsa. In bai amsa ba, a sauya guntun ko bod ɗin gaba ɗaya. In gasawa kaɗai za ka iya, kwashe fayilolinka tun tana numfashi.