Sharhi a kan Sanya Rubuta Umarnin Kwamfuta a Manhajar Ilimin Bai-ɗaya

Tun daga 1988, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da ilimin kwamfuta, darasin yake ƙara samun gindin zama a makarantunmu. Manhajar shekara tara ta ilimin bai-ɗaya, wadda hukumar NERDC ta tsara aka fara aiki da ita a 2008, ta sanya harshen BASIC cikin abin da ɗaliban ƙaramar sakandare za su koya. Ingila ma ta wajabta darasin tun daga ɗan shekara biyar a 2014. Tambayar da wannan sharhi ya ɗauko ita ce: shin wajibi ne kowane ɗalibi ya iya rubuta wa kwamfuta umarni?

Manhajar ta cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: sarrafa na'urar, da tsara tunani mataki-mataki, da rubuta umarnin kansa. Na farko ya zama dole ga kowa, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Na biyu shi ne ginshiƙi, kuma ba ya buƙatar lantarki. Na uku kuwa sana'a ce, wadda ba ta koyuwa sai da na'ura a gaban ɗalibi. A makarantar da babu ita, malami kan rubuta umarnin a allo, yara su haddace kamar karatun aku, ba tare da sun taɓa ganin ya yi aiki ko ya ƙi ba. Alhali gano kuskure da gyara shi shi ne ainihin darasin.

A ɗauki misalin Keana ta Jihar Nasarawa, garin da ya shahara da gishiri. Matan garin kan yayyafa ruwan gishiri a ƙasa, su bari ta bushe, su kankare ta, su tace a tukwane, sannan su dafa ruwan har ya ƙafe. Kowane mataki yana da sharaɗinsa: in ƙasa ba ta bushe ba, a jira. Ɗalibin da ya iya jera waɗannan matakai da Hausa, ya nuna inda ake maimaitawa da inda ake tsayawa, ya riga ya kama tushen abin da BASIC yake nufi. Wannan ya fi muhimmanci a Keana, inda Alago ne harshen gida na yara da yawa, Hausa kuma ta kasuwa, Ingilishi ya zo na uku.

Saboda haka ana ba da shawarar a wajabta na farko da na biyu ga kowa, a bar na uku a matsayin zaɓi inda akwai na'ura da ƙwararren malami. Malaman Hausa kuma su shigar da rubutun bayanin matakai cikin darasin insha'i, masana harshe su daidaita kalmomin fannin, musamman ganin cewa kalmar "manhaja" kanta yanzu tana ɗauke da ma'ana biyu a aji guda.