Ƙofar siminti ba ta gadon ƙofar ƙasa

Wata al'ada ta kafu a Kano wadda ake kira gyara, alhali rusau ce. Idan titi ya yi wa motoci kaɗan, sai a turo katafila ta ture tsohuwar ƙofar gari, a kafa wata da rodi da siminti mai faɗi biyu, a ɗora mata zankwaye, a zana dagi a goshinta, a shafe ta da fenti mai launin jar ƙasa, sannan a maido mata da sunanta na da. Haka aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010, kuma wanda ya san Kabuga da Gadon Ƙaya kafin a haƙa gadojin ƙarƙashin ƙasa da ƙyar zai shaida wuraren a yau. Ni a ganina wannan salo ya fi barin gini ya zube da kansa illa, domin kango yana tuna wa mai wucewa cewa an yi rashi, ita kuwa ƙofar siminti tana kwantar masa da hankali cewa komai na nan.

Ganuwar Kano ba aikin rana ɗaya ba ce. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17. Abin da ya riƙe ta tsawon waɗannan ɗaruruwan shekaru shi ne aikin gayya bayan damina: a haƙo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa, a mulmula tubali, a toshe inda ruwa ya ci, a sake yaɓe. Ƙofa kuwa aikin gwanaye ce, waɗanda suka san yadda ake jera azara ta ɗauki nauyin rufi, da yadda ake haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame daga jikin bango. Duk ƙofar da aka mayar siminti, an rage wa maginin ƙasa wurin aiki guda, an rage wa yaronsa wurin koyo guda. Asarar da ta fi girma ke nan, kuma hoto ba ya nuna ta.

Masu kare wannan salo suna da hujja, ba kuma ta banza ba. Suna cewa ƙofar da aka gina don raƙumi da jaki ba za ta ɗauki tirela da Adaidaita Sahu ba, birnin miliyoyin mutane kuma ba zai shaƙe kansa don a faranta wa masu son tarihi rai ba. Gaskiya ne. Amma faɗin titi bai wajabta rushe ƙofa ba. Ana iya karkatar da kwalta ta gefenta, a bar ta tsaye ga masu tafiya a ƙafa. Badalar da ke gefen ma ai an riga an yanka ta filaye, an cika ta da shaguna, ba wanda ya ce titi ne ya buƙaci hakan.

Hujja ta biyu ta fi kaifi. Ana cewa ginin ƙasa dama ba shi da asali tsayayye, kowace damina tana cin wani sashe a maye shi da sabo, don haka ƙasar da ke jikin ƙofa a yau ba ita Rumfa ya taɓa ba. Me ya bambanta wannan da sake gini? Bambancin yana hannun da ya yi aikin. Hasumiyar masallacin Agadas an sake gina ta a 1844, da ƙasa da itace irin na farko, ana ci gaba da yi mata yaɓe, kuma UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mutanen Djenne a Mali suna fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu. Falke Barmou, maginin ƙauyen Yaama a jihar Tawa, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986 da masallacin ƙasa da ya gina a zamanin da siminti ya riga ya cika kasuwa. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 take jerin masu jira a UNESCO, kuma kowace ƙofar siminti tana rage abin da za a nuna wa masu dubawa.

Saura batun kuɗi, wai ƙasa tana son gyara kullum. Tana so, amma kuɗin yaɓen shekara a hannun magina da leburorin unguwa yake ƙarewa, kuma ba ya kai kwangilar rodi. Wataƙila shi ya sa ba ya jan hankalin masu raba kwangila. Ragowar badalar da ke tsaye har yanzu tana buƙatar a auna ta, a killace ta, a ba Sarkin Magina da mutanensa kasafin yaɓe duk bayan damina, kafin dattawan da suka iya ɗaurin azara su ƙare.