Araha Ba Ta Ado: Ra'ayi a Kan Lemon Zamani da Abin Shan Kanawa

A garuruwan da ake shan giya a sarari, mashaya sukan yi ta jayayya a kan wadda ta fi daɗi da wadda arharta kaɗai ke sayar da ita. Mu a Kano, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, aka kuma kafa hukumar Hisba a 2003, wannan muhawara ba tamu ba ce, domin hukuncin abin da ke sa maye sananne ne ga kowane ɗan makarantar allo. Amma muna da tamu muhawarar da ta kamata mu yi, ba mu yi ba, ita ce ta abin shan da ya halatta, wanda a 'yan shekarun nan arha ta rinjayi kyawunsa, har ya zamana yaro ya tashi bai san bambancin zoɓon gaske da ruwan da aka rina da jar kala ba.

Wanda ya bi ta Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin masana'antunmu tun zamanin Turawa, ko ta Sharaɗa, ko ta Challawa da ke gaɓar kogi, a lokacin da ma'aikata suka fito hutun azahar cikin zafin bazara, zai ga abin da nake nufi da idonsa. Masu kula cike da ƙanƙara sun yi sahu a bakin ƙofa, kuma abin da ke ciki, ja ne ko ruwan ɗorawa ko kore ko baƙi, a roba yake ko a leda, idan ka ɗanɗana wannan ka ɗanɗana wancan, za ka tarar da cewa kusan abu guda ne aka sauya wa riga: ruwa, da zaƙi mai kama maƙogwaro, da ɗan tsami, da ƙamshin da ba a gona aka samo shi ba. Ni dai, bisa gaskiya, ba na ƙaunarsa, kuma dalilina na farko shi ne ba ya yin aikin da aka saye shi dominsa, gama mutum yakan shanye ya ajiye robar, bayan ɗan lokaci kaɗan ƙishirwar ta dawo fiye da yadda take, da wani yauƙi a harshe wanda sai ruwa ke wanke shi.

Ba ina tuhumar masana'antu ba ne a kan wanzuwarsu. Kamfanin Coca-Cola na Challawa ya daɗe yana ciyar da gidaje masu yawa, haka nan kamfanin Mamuda da ya fito da Pop Cola a 2021 ya buɗe wa matasa ƙofar aiki, kuma birnin da ya ga masaƙunsa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya ba zai raina injin da ke juyawa ba. Abin da nake kuka da shi al'ada ce da ta bi bayan lemon kwalba ta mamaye har tukwanen gidajenmu, wato ɗaukar zaƙi da launi a matsayin ma'aunin abin sha, ta yadda mai ƙulla zoɓo a lungu, da ta ga ba za ta iya gasa da farashin kasuwa ba, sai ta rage ganyen, ta ƙara ruwa, ta zuba garin lemo da sakarin a madadin suga, ta cike giɓin da kala. Da haka sana'ar da aka gada kaka da kakanni ta koma kwaikwayon abin da ya kamata a ce shi ke kwaikwayonta.

Haɗa abin sha a ƙasar Hausa fanni ne mai ƙa'idoji, ko da yake ba a rubuta su a littafi ba. Gwanar zoɓo ta san cewa sai an wanke shi an raba shi da yashi, a dafa shi da citta da kanumfari gwargwado, a bar shi ya huce a hankali kafin a tace, domin tsaminsa ya fito ba tare da ya danne ƙamshin kayan yaji ba. Mai kunun aya ta san tsawon jiƙon da ayar take so, da yawan dabinon da zai ba ta zaƙi har a wadatu da shi. Mai kunun zaƙi takan sa dankali a cikin gasarar gero ko dawa, mai lamurje tana da nata sirrin na tsamiya da citta, ita kuwa fura, idan an kirɓa ta da kyau aka dama da kindirmo mai kauri, takan riƙe lebura tun daga hantsi har la'asar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ɗanɗanon da ya keɓanta da shi, har akan gane hannun mai shi, a ce wannan na gidan wance ne, alhali lemon arha ba shi da hannun kowa a cikinsa.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne wasu al'ummomi sun san darajar abin da muke sakaci da shi. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, buhu-buhu ake loda shi zuwa ƙasar Meziko, inda suke dafa shi su sha da sanyi. A Masar da Sudan karkade abin karramawa ne da ake miƙa wa baƙo, a Senegal kuma suna alfahari da shi ƙwarai. Mu da muke noma shi sai mu sayar da mai kyaun, mu dawo mu sayi garin da aka rina domin ya yi kama da shi.

Lamarin kuma ya wuce ɗanɗano ya kai ga rai. Mutanen Kano ba za su manta da musibar da ta auku gab da azumi a watan Maris na 2021 ba, sa'ad da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan sun sha abin da aka haɗa da garin lemo da ɗan tsami waɗanda hukumomi suka ce sun lalace ko ba su dace da ci ba. Gwamnatin tarayya ma, saboda yawaitar ciwon suga, ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan Shari'a, kuma a littattafan fiƙihu aikin muhtasibi, wato jami'in Hisba, ya haɗa da duba mudu da sikeli da hana algus, irin su tsarma nono da ruwa. Saboda haka ina ganin himmar da ake yi wajen fasa kwalaben barasa, ya dace a yi irinta wajen bin diddigin buhunan garin da ake sayarwa a kasuwanninmu babu suna babu kwanan wata.

Adalci ya wajabta mini in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da nauyi. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai sayi abu mai tsada don ya faranta wa marubuci rai ba. Kuma kwalbar da inji ya rufe ta fi kwantar da hankali a kan robar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama aka ɗura kunu a ciki. Ga shi kunun aya ba ya kwana idan babu sanyi, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai waɗannan matsaloli, wato tsabta da adanawa da rage tsada ta hanyar yin abu da yawa, su ne ainihin abin da aka ƙirƙiri masana'anta domin ta warware, kuma an riga an gwada an gani a nan cikin Sharaɗa, inda kamfanin Dala Foods ya daɗe yana sarrafa garin kunun tsamiya da fura yana ƙullawa cikin tsabta. Injin da ya iya ɗura ruwan suga a roba dubu a sa'a guda ba zai gaza ɗura zoɓon gaske ba, muddin mai injin ya tabbata akwai masu saye.

A nan ne alhakin ya dawo wuyanmu, mu masu sha, domin ɗan kasuwa ba ya kawo sai abin da ake nema. Uwargidan da za ta yi biki ko suna, ta sa a dafa zoɓo na ƙwarai ta ba baƙinta ba tare da jin cewa ta gaza ba. Maigidan da ke shirin buɗa-baki ya tambayi mai ƙullin da me ta haɗa, ya kuma yarda ya ƙara mata ɗan abin da zai sa ta daina algus. Masu masana'antu su sa a kawo wa ma'aikatansu fura da kunu a wurin cin abinci. Idan muka ɗore a kan haka, manomin zoɓo da Bafulatana mai nono da mai sayar da citta duk za su samu rabonsu, yaranmu kuma za su tashi da harshen da ya san mai kyau, wanda ba a ruɗinsa da kala.